Rediyo Mai Aski da Ciwon Dasashi

Shagon askinsa yana tsakanin na mai gyaran takalma da na wata mata mai sayar da kwanuka. Ko ba ka ga allon da ke bisa ƙofa ba, kunnenka zai kai ka, domin tun daga bakin kwana ake jiyo muryarsa. Shi ya sa kowa a layin yake kiransa Rediyo, har yaran da suka taso a gabansa ba su san yana da wani suna ba. Shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Idan aka tsokane shi yakan ce, "Ai na fi rediyo, ni ba na cin batir."

Mahaifinsu ya rasu tun yana ɗan ƙarami, mahaifiyarsu kuma wankau take yi daga safe har yamma, don haka yayarsa mace, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta ja masa kunne. Da malaman makaranta suka gaji da surutunsa, ita ce ta kama hannunsa ta kai shi wurin kawunsu mai aski.

"Kawu, ga shi nan," ta ce. "Karatu ya ƙi shiga, baki ya ƙi rufuwa. A koya masa aikin da hannu zai riƙa yi baki na tafiya."

Kawu mutum ne shiru-shiru, sai ya yini bai yi magana ta kirki ba. Ya dubi yaron sama da ƙasa, ya miƙa masa tsintsiya. Da sharar gashi ya fara, ya koma wanke tawul, sannan aka ba shi kan yara. Kafin gemu ya fito masa sosai, masu zuwa aski sun fara cewa Kawu ya huta, su yaron suke so. Ba don ya fi Kawu hannu ba, sai don a kujerarsa mutum yakan manta da damuwarsa. Da Kawu ya tsufa idonsa ya yi rauni, ya bar masa shagon da duk abin da ke ciki: kujera mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka like da salatif, madubi mai tabo a kusurwa, dogon benci, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo amma ba ta taɓa faɗowa ba.

A wannan shagon ya yi aure, a nan ya ciyar da 'ya'yansa maza biyu har suka girma suka tafi neman na kansu, aka bar shi da matarsa da 'yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta. Matar tasa girki take yi a wata makarantar yara. Ba ta da yawan magana, kuma takan ce ba ta ga amfanin yi ba, tunda maigidanta yana yin ta mutum biyu.

Wajen tsabtar kayan aiki babu wanda ya kama ƙafarsa. A gabanka zai ɓare sabuwar reza, a gabanka zai goge injin aski da sifirit, ya kakkaɓe tawul. Idan ya ga ƙuraje a wuyan mutum sai ya ce masa, ya ga makero a kan yaro sai ya aika wa uwarsa. Bakinsa ne kawai bai samu wannan gata ba. Da safe yakan ɗauki buroshi mai tauri wanda gashinsa ya baje, ya dirji haƙoransa da ƙarfi a gurguje kamar mai wanke gindin tukunya, ya tofar, ya fice. Kumfar takan fito da ja-ja. Shi a ganinsa alama ce ta baki ya fita tas. Daga nan sai shayi mai zaƙi da ake kawo masa shago, sai alawar minti da ba ya rabo da ita a kumatu, wai tana gyara masa murya. Idan kujera ta yi sarari ya zagaya bayan shago ya zuƙi sigarinsa, ya dawo ya ƙara jefa minti. Haka ya yi shekara da shekaru, kuma babu inda ke masa ciwo.

Mahaifiyarsu ba ta kai ga tsufa tukuf ba haƙoranta suka zube. Shi ya ɗauka haka duniya take: gashi ya yi fari, haƙori ya faɗi. Don haka da ya lura haƙoransa na ƙasa sun ƙara tsawo, dasashi ya ja baya ya yi ja ya kumbura, sai ya ce girma ne ya zo.

Abin da ya fara damunsa ba a bakinsa ya gan shi ba, a shago ya gani. Mutumin da zai gyara wa gemu, da zarar ya sunkuyo kansa, sai ya ga ya kawar da fuska. Wani ya riƙe numfashi har wuyansa ya yi jijiya. Wani ya ce a juyo masa da fanka, alhali garin ba zafi. Wasu da suka saba yin aski da gyaran fuska tare suka fara cewa kan kawai za a yi, gemun za su gyara a gida. Sannu a hankali benci ya fara yin sarari. Daidai lokacin ne wasu samari suka buɗe sabon shago a tsallaken titi, mai fitilu da talabijin, sai Rediyo ya ɗora musu laifin duka.

"Mutanen yanzu ba aski suke so ba," yakan gaya wa matarsa. "Kallon ƙwallo suke so."

Ita ta san ba haka ba ne. Ta daɗe da sani. Ta sayo sabon buroshi ta ajiye masa, ya ce tsohon bai mutu ba. Ta sayo ruwan kurkure baki, ya ce yana ƙona masa harshe. Sau da yawa takan buɗe baki za ta faɗa, sai ta dubi mutumin da bai taɓa ce mata miyarta ta yi gishiri ba, ta haɗiye maganar. Ta ce wa Auta ta gaya masa, tunda ita ce 'yar lelensa. Auta ta ce, "Mama, ni? Baba fa. Da wane bakin?" Suka je wurin tsohon direba, abokinsa wanda ke yini a bencin shagon ko da aski ko babu. Direba ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya ji, amma ya gwammace ya tura mota a hawa da ya faɗi wannan magana. A ƙarshe matar ta ɗauki waya ta kira Yaya.

Yaya ta iso da hantsi, da sandarta da jakarta, ta tarar da direba shi kaɗai a benci. Ta gaishe shi ta ce ya ɗan ba su wuri. Ta janyo ƙofa, ta hau kujerar aski ta zauna daram, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a shagon.

"Yaya, lafiya? Ko aski za a yi?" in ji Rediyo yana dariya.

"Matso nan. Buɗe bakinka."

Ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, amma da ta ce ya buɗe, sai ya buɗe. Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske kamar yadda take yi yana yaro. Ta ɗaga leɓensa da ɗan yatsa, ta duba, ta sake shi.

"Ƙanena, bakinka yana wari," ta ce a hankali. "Ba na yau ba ne. Shi ya kore maka mutane, ba yaran can ba. Matarka ta sani, 'yarka ta sani, abokinka ya sani. Duk suna son ka, shi ya sa suka kasa faɗa. Ni ma ina son ka, shi ya sa na zo."

Rediyo ya tsaya da tawul a hannu. Ya dubi madubi ya kawar da kai. Fuskokin da suka riƙa kaucewa suka dinga dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙaramin yaron da ya taɓa toshe hanci uban ya buge masa hannu. Ya so ya yi wasa ya kashe maganar, wasan ya ƙi zuwa.

"Amma ba ya min ciwo, Yaya."

"Na Inna ma bai yi mata ciwo ba sai da suka fara zuba. Ka je asibiti."

Bai je ba. Abin da ya yi shi ne ya yi shiru. Ya sayo takunkumi ya rufe baki, yana aski ba uhm ba uhm-uhm. Mai gyaran takalma ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Mai kwanuka ta ce layin ya zama kamar ranar da aka ɗauke wuta. A gida yakan juya wa matarsa baya idan zai yi magana. Bai yi mata faɗa ba, ita kuma ta fi son ya yi faɗan da wannan shirun.

Wata safiya yana karyawa ya gatsi ɓawon burodi, sai ya ji wani turmin haƙori na can ciki ya motsa. Ya kai yatsa ya taɓa, haƙorin ya girgiɗa kamar turken da ruwa ya ci gindinsa. Ya taɓa na gaba na ƙasa, su ma suka ɗan amsa. Ya ajiye burodin. Matarsa tana kallonsa daga bakin murhu.

"Baban Auta, in ɗauko mayafina?"

"Ɗauko," ya ce.

Likitar haƙorin yarinya ce, ba za ta girmi babban ɗansa ba. Ta gaishe shi da ladabi ta nuna masa kujera. Nan take idonsa na mai sana'a ya faɗa kan kujerar: tana kwantawa, tana tashi, ga fitila a sama, ko tsaga ɗaya babu a fatarta. Ya so ya tambayi inda ake sayar da irinta, amma kafin ya fara an ɗaura masa ƙyalle a wuya an ce ya buɗe baki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsaye a kan mutane yana zuba, yau ga shi a kwance, wata tana tsaye a kansa, tana yi masa tambaya ƙarfe yana cikin bakinsa.

"Baba, kana shan taba?"

"Aaa," ya ce, yana nufin e.

"Yana sha," in ji matarsa daga kujerar gefe.

"Jini yana fita idan kana goge baki?"

"Kullum," matar ta sake amsawa. Rabonta da yin magana a madadinsa tun suna amarci, kuma ga alama abin ya yi mata daɗi.

Likita ta riƙa zura wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi, wuri bayan wuri, sannan aka ɗauki hoton haƙoran. Da ta gama ta tayar da kujerar, ta ba shi madubi, ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani ba tare da ta ɗaure fuska ba. Ta nuna masa wani abu mai ruwan ƙasa da ya manne a gindin haƙora. Ta ce dattin da ke taruwa kullum ne, idan ba a cire shi ba sai ya daskare ya zama kamar dutse, buroshi ba ya iya fitar da shi. Ƙwayoyin cuta suna zama a jikinsa, su kumbura dasashi, ya riƙa jini. Idan aka bar shi, dasashin ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakani, ciwon ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Warin daga waɗannan ramukan yake fitowa, minti ba ya kaiwa can.

"Lafiyayyen dasashi ba ya jini, Baba. Jinin nan shi ne gargaɗin farko. Matsalar ciwon shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa."

"Ni na ɗauka gado ne. Mahaifiyarmu ma haka ta yi."

"Akwai gidan da suka fi saurin kamuwa da shi. Amma ba dole ba ne ya kai ga zubewa. Taba tana ƙara masa ƙarfi, tana hana dasashi warkewa. Kuma ina so a gwada maka suga, domin shi da wannan ciwon suna taimakon juna."

Ta gaya masa gaskiya: turmin nan ya riga ya tafi, cirewa za a yi. Ƙashin da ciwon ya cinye ba zai dawo yadda yake ba. Amma sauran za a iya tsayar da su inda suke, idan ya ba da haɗin kai.

"'Yata," ya ce, "ni fa da baki nake cin abinci ta hanya biyu. Yi abin da za ki yi."

Ba a zama ɗaya aka gama ba. Aka yi masa allurar kashe zafi aka kankare ɓangare ɗaya, ya koma aka yi ɗayan, aka cire turmin. Bayan kankarewar ya ji iska tana ratsa tsakanin haƙoransa, ruwan sanyi yana tsarga masa har ka, ya dawo gida yana mita wai an rage masa haƙora. Likita ta riga ta gaya masa haka za a ji, dattin ne da ya cike gurbin ya fita. Gwajin suga kuma ya nuna ya ɗan hau, bai kai ga shan magani ba tukuna, amma an ce ya rage zaƙi ya riƙa motsa jiki.

Auta ta karɓi aikin sa ido. Ta jefar da tsohon buroshin a shara, ta kawo mai laushi. Safe da kafin kwanciya takan tsaya a bakin ƙofar banɗaki tana kallo, yana bin gindin haƙora a hankali yadda aka nuna masa, ba dirza ba. Zaren sakace ne ya fi ba shi wahala. Yatsun da ke iya fitar da layin gemu kamar an sa ma'auni, sai ga su suna harhaɗewa da ɗan zare.

"Baba, na baya ba ka shiga ba."

"Ke, ni na koya miki riƙe cokali."

"Na sani, Baba. Na bayan dai."

Minti bai yi wuyar bari ba. Shayi ya koma sha da ɗan suga kaɗan, yana yatsine fuska. Sigari ce ta ja shi a ƙasa. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Ran da ya ji haushin wani abu sai ƙafarsa ta kai shi bayan shago ba da saninsa ba. Tsohon direba, wanda har yanzu kunyar rashin faɗa masa gaskiya ke damunsa, shi ya ɗauki wannan. Da ya ga Rediyo ya nufi ƙofar baya sai ya miƙe ya ce, "Zo ka raka ni bakin titi, ƙafata ta yi tsami." Su taka har kwana su dawo, sha'awar ta wuce. An ɗauki watanni ana wannan rakiya kafin ya daina waiwayar ƙofar baya.

Jinin ya tsaya. Kumburin ya sace, dasashi ya koma kalarsa. Haƙoran gaba ba su koma kamar na saurayi ba, amma sun daina amsawa idan ya taɓa. Wata rana da yamma ya matso kusa da matarsa tana ninke tawul, ya tsaya yana ta kame-kame.

"Maman yara, tsakaninki da Allah. Yanzu fa?"

Ta ɗago ta matso da fuskarta daf da tasa. "Yi magana in ji."

"Me zan ce?"

"Yau kuma kai ne ka rasa abin cewa?" Ta yi dariya har ta dafa kafaɗarsa. "Babu komai. Ya tafi."

Mutanen da suka gudu ba duka suka dawo ba. Wasu sun saba da tsallaken titi. Amma tsofaffin nasa sun dawo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce ga abin da ya kore shi, shi ma bai tambaya ba. Ya ci gaba da sa takunkumi idan zai sunkuya gyaran gemu, ya ce ya ga likita ma haka take yi. Hira ta dawo, sai dai ta samu sabon babi. Duk wanda ya hau kujera, tsakanin labarin siyasa da na ƙwallo sai ya ji an tambaye shi, "Idan ka goge baki kana ganin jini?" Wanda ya ce e, Rediyo ba ya ɓoye masa komai. Yakan ja kumatu ya nuna masa giɓin turmin ya ce, "Kalli nan. Nawa ke nan. Kada ka jira sai an turo maka yayarka."

Lokacin komawarsa dubawa ya zagayo, sai ya biya gidan Yaya ya gaishe ta. Ya tarar tana cin abinci da gefe ɗaya, tana karkatar da kai kamar kaza mai shan ruwa. Ya zauna yana kallonta.

"Yaya, ke yaushe rabonki da likitan haƙori?"

Ta ci gaba da tauna. "Ni lafiyata ƙalau."

"Yaushe rabonki?"

"Ban taɓa zuwa ba," ta ce, ba ta dube shi ba. "An ce akwai wani inji mai ƙara. Ni ba na son ƙarar nan."

Rediyo ya danne dariyarsa, domin ya san sandar tana kusa. Ya miƙe ya ɗauko mata jaka da takalma ya ajiye a gabanta. Ta yi mita, ta ce yaran yanzu ba su da kunya, ta ce wanki take da shi, amma ta sa takalman.

A ɗakin jira ta zauna ta ƙanƙame sandarta. Da aka kira ta, ta miƙe ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta waiwayo.

"Ba za ka shigo ba?"

Ya rataya jakarta a kafaɗa ya bi ta. Ya gyara mata mayafi da ta kwanta a kujerar, ya ja kujera ya zauna ta inda za ta riƙa ganinsa. Likita ta kunna fitila, Yaya ta runtse ido ta miƙo hannu, ya riƙe. Sai ya fara ba ta labarin wani mutum da ya zo aski da hula ya ƙi cirewa, yana jan labarin yana ƙara masa gishiri, har likita ta ce, "Baba, a ɗan sassauta, Mama tana dariya, ba na ganin abin da nake yi."